Garma Mai Faranti Huɗu

Dogo ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa tarakta a wata babbar gonar kamfani. Yana saurayi ya hau kujerar, bai sauka ba sai da furfura ta cinye masa rabin kai. Taraktar da yake ja irin manyan nan ce, mai ƙarfin doki casa'in, wadda ko shi da ake kira Dogo tayarta ta baya takan kai masa kafaɗa. Ya san ta ciki da waje. In injin ya sake murya, kafin bakanike ya ajiye akwatin kayan aikinsa Dogo ya riga ya gaya masa inda ciwon yake. In ya ja layi a gona kuwa, sai ka rantse da igiya aka auna. Sababbin direbobi akan kawo su bakin gona a ce su tsaya su kalla.

Mutum ne marar yawan magana, ba ya shiga sabgar kowa, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa ɗaya ne: ya daɗe ba a kama shi da kuskure ba, har ya manta yadda ake karɓar gyara. Matarsa takan ce da maƙwabta, tana dariya, ya fi sauƙi a juya tarakta a tsakar ɗakinta da a juya ra'ayin maigidan.

Da kamfanin ya tashi rufewa, aka jera injuna a fili ana sayarwa. Manaja ya kira Dogo gefe ya ce, ban da sallamarsa, ya zaɓi abu ɗaya cikin tsofaffin kayan da suka rage ya tafi da shi. Dogo bai tsaya dogon tunani ba. Ya je ya ɗora hannu a kan garmar da ya shekara ashirin yana ja, mai faranti huɗu, kowane faranti ya kai faɗin tayar mota. Fentinta ya goge tuntuni, amma ƙarfen ko gezau. Sai da ƙarti shida suka taru da sarƙa kafin aka ɗora ta a mota.

Sallamar ba ta isa sayen babbar tarakta ba. Abin da ta iya samo masa shi ne wata 'yar ƙarama ta hannu, mai ƙarfin doki ashirin da biyar. Niyyarsa ya riƙa yi wa masu ƙananan gonaki noma. Ranar da aka kawo ta ya zagaya ta sau biyu, ya hau, gwiwoyinsa suka tokare sitiyari. Matarsa ta kawar da kai don kada ya ga tana dariya.

"Ke dai yi dariyarki," ya ce. "Inji inji ne. Hannun direba ke aiki."

Dogo yana da ƙane ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya girme da shekara goma sha huɗu. Auta ake kiransa. Tun rasuwar mahaifinsu Dogo ne ya riƙe shi, shi ya kai shi koyon walda, shi ya tsaya masa har ya yi aure. Auta yana da rumfar kwano a bakin titi, da janareta a gefe, da dogon benci na ƙarfe, da tulin guntayen rodi a baya. Halinsu ba ɗaya ba ne. Auta mai surutu ne da barkwanci, in kana wucewa sai ya tsokane ka ko bai san ka ba. Amma in yayansa ya shigo rumfar, muryarsa takan sauka.

Da ruwan farko ya sauka, Dogo ya tuƙo taraktar zuwa rumfar, inda aka sauke garmar tun ranar da aka kawo ta. Ya ja da baya ya daidaita hannayen ƙarfe biyu na bayan tarakta, waɗanda ke riƙe garma su ɗaga ta. Nan aka fara cin karo. Fil ɗin garmar, wato gajerun sandunan da ke shiga ramin hannayen, sun fi ramin kauri. Aka juya, aka buga, suka ƙi shiga.

"Rage musu kauri," Dogo ya ce.

Auta ya tsuguna ya duba ramin, ya duba garmar, ya daɗe bai ɗago ba.

"Yaya, waɗanda suka ƙera taraktar nan ba mantuwa suka yi ba. Da gangan suka matse ramin, don kada irin wannan ta shiga. Garmar nan ta haura kilo ɗari biyar. Kuma dubi faɗinta, ta wuce tayoyin. In ka ɗaga ta, gaban taraktar zai saki ƙasa. Kamar a ɗora wa ɗan shekara bakwai buhun siminti ne fa."

"Tun ba ka iya ɗaura wando ba nake wannan aikin."

"Na sani, Yaya. Ba ni kwana huɗu kawai. In cire faranti biyu, in rage tsawon ƙarfen, ta dawo daidai da ƙarfin taraktar. Wallahi za ka ji daɗinta."

"Ka yanka ta?" Dogo ya dube shi kamar ya ce zai yanke masa ƙafa. "Ƙasa ta jiƙu, mutum tara na jirana, kai kana zancen kwana huɗu. Auta, na ce ka rage musu kauri."

Auta bai taɓa musa wa yayansa magana sau uku ba. Ya jawo injin gurza ƙarfe ya kunna.

Fil ya shiga. Taraktar ta ɗaga garmar da ƙyar, tana nishi. Tun a kan titi Dogo ya ji sitiyarin ya yi sakwaf a hannunsa, kamar yana juya shi a cikin ruwa. Ya tsaya ya cika buhu biyu da yashi ya ɗaure a ƙarfen gaba. A gona, in ya sauke garmar sosai injin ya riƙa fitar da baƙin hayaƙi yana neman mutuwa, dole ya ɗage ta, farantan suna karce saman ƙasa kawai. Giya ta ɗaya yake tafiya, kamar mai rakiyar tsohuwa. A rana ta uku mai ya fara tsattsafowa daga gindin hannayen. Babu ɗaya cikin waɗannan alamu da Dogo bai gane ba. Da a gonar kamfani ne ya ga wani direba yana haka, da tuni ya sauko da shi daga kujera. Amma ya riga ya faɗi magana a gaban ƙanensa, ya ga ba zai iya komawa rumfar ya ce a yanka ba.

A rana ta biyar yana gonar wani malamin makaranta da ke gangarawa zuwa rafi. Da hantsi ɗaya daga cikin buhunan ya yage, yashin ya tsiyaye. Layi biyu suka rage. Sai ga Auta a babur, ya kawo galan ɗin man da Dogo ya ce a kawo masa.

"Yauwa. Zo ka zauna min a gaba," Dogo ya ce. "Layi biyu ne."

"Yaya, bari in je in samo wani buhu mana."

"Kafin ka je ka dawo na gama."

Auta ya dubi gangaren, ya dubi yayansa. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "To, yau na zama buhun yashi." Ya hau ƙarfen gaba ya zauna, ya jingina da murfin inji, ya riƙe da hannu bibbiyu.

Layin farko lafiya lau. A ƙasan gonar, kusa da rafi, Dogo ya ɗaga garmar don ya juya ya fuskanci tudu. Tayar baya ta nutse a wani wuri mai laushi. Ya ƙara wuta ya saki kuloci gaba ɗaya, yadda ya saba yi wa babbar tarakta shekara talatin. Da babbar ce, da ta yi gurnani ta fita. Ƙaramar kuwa sai ta miƙe tsaye. Dogo ya ga sararin sama a inda gona take, ya ga tafin takalman Auta. Ya danne kuloci da dukan ƙarfinsa, gaban taraktar ya dawo ƙasa lokaci ɗaya. Auta ya riga ya faɗo. Ƙarfen gaba ya sauka a kan hannunsa na dama, akwai kuma dutse a ƙarƙashi.

Auta bai yi ihu ba. Ya dai ɗago kai ya ce, "Yaya, ja da baya kaɗan," kamar mai nuna wa direba wurin fakin.

Mai gonar ne ya kai su asibiti a motarsa. Dogo ya zauna a kan bencin baranda, rigarsa duk jini. Matar Auta ta iso a guje da goyo a bayanta, ta wuce shi ba ta tsaya ba. Wajen la'asar likita ya fito ya ce sun yi iya ƙoƙarinsu, ƙashin ya daddage, dole suka yanke daga ƙasan gwiwar hannu.

Sai a kwana na uku Dogo ya iya shiga ɗakin. Ya tsaya a ƙafar gado, ya rasa inda zai sa idonsa. Auta ya rame, leɓɓansa sun bushe, amma da ya gan shi sai ya yi murmushi.

"Yaya, sai dai ka nemi wani buhun. Ni yanzu nauyina ya ragu."

Ba wanda ya yi dariya. Matar Auta, da ke zaune a gefen gado, ta tashi ta fita. A da ita ce mai tarar Dogo tun daga ƙofa da "Yaya, sannu da zuwa," tana tsokanarsa wai sai ya sunkuya kada ya tafi musu da rufin ɗaki. Daga ranar ba ta ƙara kiransa Yaya ba. Takan gaishe shi, ba ta taɓa fasa gaisuwa ba, amma idonta a ƙasa, gaisuwar ba suna a ciki.

Taraktar ta yi mako biyu a gonar malamin, sai da ya aiko. Dogo ya je ya zare fil, ya bar garmar a nan cikin ciyawa, ya tuƙo taraktar gida ya rufe ta da tampol. Duk wanda ya zo neman noma sai ya ba shi haƙuri. Daminar nan a bakin ƙofa ya yi ta, a kan kujerar roba, yana kallon titi. Matarsa ta yi magana har ta gaji. In ya kai kayan abinci gidan ƙanensa, matar takan karɓa ta ce "An gode" tana kallon bango.

Bayan wata biyu, wata safiya, sai ga Auta a ƙofar gidan, hannun rigarsa na dama a naɗe an soke shi da fil ɗin ɗinki.

"Yaya, rumfa ta yi wata biyu a rufe," ya ce. "Ina da kai, ina da ido, hannu ne ya yi ƙaranci. Kai kuma ga naka biyu a zaune, ba aikin fari balle na baƙi. Taso mu je."

Dogo ya dube shi. Ya shiga ciki ya sako takalmi.

Haka mutum mai shekara hamsin da biyar ya zama ɗan koyo a wurin wanda ya rena tun yana yaro. Ba abu ne mai sauƙi ba. Hannun da ya saba da sitiyari ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Tsinken walda ya riƙa mannewa a ƙarfe. Haɗinsa na farko Auta ya duba ya ce kamar kaji suka bi ta wurin, ya sa guduma da hagu ya buga sau ɗaya, ya rabu biyu. A bakin benci babu Yaya. "Sake," Auta zai ce. "Ka yi sauri. Sake. Sauke gilashin nan kafin ka taɓa." Ranar da Dogo ya yi ganganci ya kalli wutar da ido tsirara, ya wuni biyu kamar an zuba masa yashi a ido, matarsa tana ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma tana cewa, "Da tsufanka." Bai taɓa mayar wa Auta magana ba. Maƙwabtan rumfar, mai faci da mai sayar da batir, suka riƙa leƙowa don su ga abin mamaki, Dogo ana ce masa sake yana sakewa.

Da rani ya yi nisa, hannunsa ya fara zama, Auta ya sa aka ɗauko garmar daga gonar malamin. Ta yi tsatsa, ciyawa ta bushe a tsakanin farantan. Auta ya ja layi da alli da hannun hagu, layin ya karkace, ya goge da gwiwa ya sake. Dogo ya kunna wuta ya yanka. Kwana tara suka yi a kanta. Suka cire faranti biyu, suka rage tsawon ƙarfen, suka sa sababbin fil daidai da ramin hannayen, ba gurza ba dole. Suka rataye ta a sikeli da sarƙa, nauyinta ya ragu da fiye da rabi.

Da damina ta dawo Dogo ya yaye tampol. Taraktar ta ɗaga garmar ba nishi, sitiyari ya yi nauyi a hannunsa yadda ya kamata. A gona farantan biyu suka nutse har inda ake so, ƙasa tana kifewa baƙa wuluk, injin yana tafiya da murya ɗaya a giya ta biyu. Ya yi layi uku, a tsakiyar na huɗu ya tsaya ya kashe inji, ya kifa goshi a kan sitiyari. Mai gonar ya rugo yana tambaya ko jiri ne. Dogo ya girgiza kai. Ya daɗe a haka, sannan ya goge fuska da hula ya tayar.

Daga nan rayuwarsa ta rabu biyu: da safe gona, da rana rumfa. A shekarun nan ƙananan taraktoci suka yawaita, masu su kuma kowa so yake a ƙera masa babbar garma ko haro mai faɗi na farfasa ƙasa bayan garma ta wuce, wai don aiki ya yi sauri. 'Yan'uwan suka kafa ƙa'ida: ba sa ƙera wa kowa komai sai ya kawo taraktar. Auta zai karanta ƙarfin injin da abin da hannayen ke iya ɗagawa, Dogo ya auna tazarar tayoyin baya. In an gama, a rataye a sikeli, a haɗa, a ɗaga, Dogo ya hau ya zagaya fili. In ya ji gaban ya yi sakwaf ko kaɗan, sai a sauke a rage. Wasu sukan yi fushi su tafi wata rumfar. Da yawa sukan dawo da karyayyen hannun tarakta a bayan mota.

Wata rana wani ɗan kasuwa ya zo da sabuwar ƙaramar tarakta, ya ce haro mai faranti ashirin yake so. Aka ce masa sha biyu ne daidai da ita. Ya ce shi ba shawara ya zo nema ba, aiki ya kawo. Magana ta yi tsawo, har Dogo ya kama guntun hannun Auta ya ɗaga.

"Ka ga wannan? Ni na yi. Irin taurin kan da kake yi yanzu shi na yi."

Jikin ɗan kasuwar ya yi sanyi, ya ce a yi masa sha biyun. Da ya tafi, Auta ya kashe janareta da kansa. Rumfar ta yi tsit.

"Yaya, hannuna ba allon talla ba ne," ya ce. Dogo bai taɓa jin ya yi masa magana da wannan muryar ba. "Kada ka ƙara. In mutum ya ƙi ji, ga sikeli nan, nuna masa."

Dogo ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Shekara uku ke nan da abin, bai taɓa iya buɗe baki ya roƙi ƙanensa gafara a kai ba.

"Auta, ka yafe min."

"Wa ya gurza fil ɗin?" Auta ya ce. "Ni, da hannuna. Wa ya hau ƙarfen gaba? Ni, da ƙafata. Na fi ka sanin abin da zai iya faruwa. Ɓacin ranka na ji tsoro fiye da ƙarfe, wannan kuma nawa laifin ne. Kai dai ka cika handama, ko laifi ne sai ka cinye kai kaɗai." Ya ja numfashi. "Na yafe tun a asibiti. Tashi ka tayar da janareta, aiki na jiranmu."

Shekara goma sha ɗaya suka yi a rumfar tare. A ta ƙarshe tari ya kama Dogo, ya ƙi tafiya. Ya bar hawa tarakta, daga baya ya bar zuwa rumfa, ya kwanta a ɗakinsa kusa da taga. Wata ranar da hantsi matarsa ta shigo ta ce yana da baƙuwa. Matar Auta ce. Goyon da ta je asibiti da shi yanzu ya yi nisa a makaranta, ita ma furfura ta fara leƙo mata. Ta zauna a kan tabarma ta gaishe shi yadda ta saba, ido a ƙasa. Sannan ta ce:

"Ƙanenka ya gaya min tuntuni ka roƙe shi gafara. Ni ce na koya masa cin abinci da hagu. Ni nake ɓalla masa maɓallin riga har yau. Na jira ka zo ka ce min wani abu, ba ka zo ba."

Dogo ya yunƙura zai tashi, tari ya hana shi. Da ya lafa ya ce, "Kunyarki ce ta hana ni. Na zo ƙofarku da maganar ya fi sau goma, in koma da ita. Ki yafe min, don Allah."

Ta ɗago kai ta dube shi sosai. Ta ga yadda ya ƙare, dogayen ƙafafun nan sun zama kamar sanduna a ƙarƙashin bargo.

"Na yafe, Yaya," ta ce. "Allah ya ba ka lafiya." Ta tashi ta gyara masa matashi, ta ba shi ruwa da hannunta. Daga ranar kullum sai ta zo, ita da matarsa suna karɓa-karɓa a kansa, har mako biyar ɗin da suka rage masa.

Bayan rasuwarsa Auta ya ɗauki wani mai walda, magidanci mai natsuwa, wanda hannunsa ya fi na Dogo kyau nesa ba kusa ba. Haɗinsa sumul, ba a taɓa ce masa sake. Mai faci ya taya Auta murna, ya ce yanzu ya huta da faɗa. Auta ya gyaɗa kai ya ce haka ne. Ya juya ya ci gaba da jan layinsa da alli har aka tashi.